Wayar Tegan da Akwatin Mama Leisale

Zuwa ga Yayata Raelene,

Gaisuwa mai yawa daga tsibirin Efate, da fatan kina lafiya, ke da Col da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki gaya masa in bai daina hawa rufin nan ba, zan dawo in ƙona tsanin.

Sababbin masu aikin sa-kai sun iso daga ƙasarmu. Da yake na fi kowa daɗewa a Vanuatu, ni ƙungiya ta ɗora wa tarbarsu da zama da su a ƙauye har su iya harshe a rarraba su tsibirai. An ba kowa gidan da zai zauna. Wata 'yar garin Hobart mai suna Tegan ce ta faɗa hannun Mama Leisale, wadda ta riƙe ni sanda na zo ko gaisuwa ban iya ba. Ta bar wa yarinyar ɗakinta da katifarta, ta koma ɗakin girki.

Mata sun wuni suna gurzar doya da matsar kwakwa, aka gasa laplap, abincinsu na biki, aka rataya wa baƙi furanni. Ana cikin wannan murna sai Mista Prowse, shugaban ofishinmu na Port Vila, ya miƙe ya ce wa sababbi da Turanci, "Kowa ya sa wa jakarsa kwaɗo. Kada ku ce ban faɗa ba." Yaya, rabin mazan ƙauyen nan sun yi aikin tsinkar inabi a ƙasarmu, Turancin me ba su ji ba? Mai gari Kaltonga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa abincin nan ban san yadda na haɗiye shi ba.

A gaida kowa.
Ƙanwarki,
Narelle

Yaya Raelene,

Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da Baba ya ajiye sanda. Ni lafiyar jiki ƙalau, amma raina a ɓace yake.

Wayar Tegan ta ɓace. Maimakon ta faɗa mini ko ta faɗa wa Mama, sai ta ari ta abokiyarta ta kira ofis tana kuka. Washegari sai ga Prowse da farar motar ƙungiya. Bai nemi mai gari ba, bai gaida kowa ba. Ya shiga gidan da takalminsa, ya sa aka fito da akwatin Mama Leisale tsakar gida, ya zazzage shi a gaban jama'a. Rigunanta na coci, hoton marigayi mijinta, har kayanta na ciki, duk a ƙasa.

Na ce masa, "Kai wa ya ba ka iko? Ko 'yan sanda ba sa haka!"

Ya ce, "Narelle, kin daɗe a nan da yawa, kin manta ɓangaren da kike."

Mama ta juya masa baya. Ta dubi Tegan ta ce, "'Yata, kin ci abinci kuwa?" Yarinyar ta kasa ɗaga ido. Prowse bai sami komai ba, amma ya tafi da Tegan masauki a gari, ya kuma ce daga yau an cire gidan daga masu karɓar baƙi.

Tun ranar Mama ba ta je coci ba, ba ta kai gwanda kasuwa ba. Na same ta tana saƙar tabarma a bayan gida, na ce ta fito, kowa ya san ba ta ɗauki komai ba. Ta ce, "Sun sani da bakinsu. Amma idonsu ya ga kayana a ƙasa." Matar da ta yi jinyata da na yi zazzaɓin dengi, Yaya! Sauran sababbin kuma suna tambayata ko gidajensu da aminci, ni kuma aikina wai in yi murmushi in kwantar musu da hankali.

Ki sa mu a addu'a.
Narelle

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da wasiƙarki, amma ba zan "yi a hankali" ba, kin makara.

An ga wayar. A ina? Ƙarƙashin kujerar motar ƙungiya, wadda ta kai su yawon ganin asibiti. Direba ne ya tsince ta. Prowse ya mayar wa Tegan a ɓoye, ya ce ta yi shiru kada sunan ƙungiya ya ɓaci. Da na kira shi, cewa ya yi zai aiko wa Mama takardar ban haƙuri idan ya sami sarari.

Amma yarinyar nan ta ba ni mamaki. Ta hau motar haya ita kaɗai ta zo wurina, ido duk ya kumbura. Ta ce, "Me ake yi a nan in mutum ya yi irin abin da na yi?" Na ce ba a ɗaki ake yi ba, a gaban gari ake yi. Ta ce ta yarda.

Muka nemo tabarmi, da saiwar kava da suke yin abin sha na sulhu da ita, da farin zakara. Mai gari ya tara jama'a ƙarƙashin babbar bishiyar dandali. Tegan ta tsaya, zakara na fizge-fizge a hammatarta, ta nemi gafara da gurguwar Bislama, harshen ƙasar. Wani tsoho ya ce, "Zakaran ma ya fi ta iya magana!" Aka yi dariya, har Mama ta murmusa. Ta karɓi tabarmin ta ce, "Je ki ɗauko jakarki, ɗakinki na nan." Sannan ta juya ga mai gari ta ce, "Na yarinya na karɓa. Wanda ya zubar mini da kaya, ina jiransa."

Bai zo ba. Saƙo ya aiko mini cewa an sauke ni daga tarbar baƙi saboda na wuce gona da iri, in koma wurin aikina. Na kai ƙararsa babban ofis, amsarsu wai za su duba.

Jiya ya biyo ta nan kawo maganin sauro. A hanyar nan ko motar shanu ce ta wuce sai an ɗaga mata hannu. Ya ratsa ƙauyen daga farko har ƙarshe, mutane na zaune a ƙofar gidajensu suna kallonsa, ba hannun da ya tashi. Tegan na gefen Mama tana kankarar kwakwa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ki sumbatar mini yara, ki gaida Baba.
Taki har kullum,
Narelle