Maganin Kaka, ta wace ƙofa zai shiga?

Zuwa ga Majo, shugaban ɗan asibitin unguwarmu a nan Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ranka ya daɗe ina neman gafara idan ƙaramar yarinya ta yi rashin kunya.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Faransancin da ke jikin kwalin magani ba na gane shi. A gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, bara na samu satifika, har Baba ya rataye ta a bango, shi ya sa kowa ya kwanta ciwo ni ake turowa wurinku. In mai ba da magani ya yi magana da sauri ta taga, sai in sunkuyar da kai in ce wi Mushe, wato to malam, in taho gida ana yi mini kallon rabin likita.

Ƙarata a kan kakata ce, Iya Hawa, mai soya kifi a bakin gada.

Na ɗaya. Farkon damina zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka kama ta. Aka ba ni ƙwaya fara mai faɗi, aka ce ɗaya safe ɗaya yamma, aka kira na bayana. Kaka ta ga ba za ta haɗiyu ba, sai ta ɓantara ta tauna kamar goro, ta kora da ruwa. Majo, bakin Kaka ya kama tafasa. Kumfa na fita, tana gyatsa kamar an buɗe kwalbar lemo. Maƙwabciyarmu ta ce mutanen ruwa ne suka biyo ta daga bakin kogi, ta ruga neman turare. Ashe a kofi ake jefa ƙwayar ta gama tafasarta, sannan a sha.

Na biyu. Ranar kasuwa da ta biyo na dawo na ce yanzu har amai take yi. Aka ba ni wani abu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, mai tsini kamar harsashin sojojin da ke tsaron gada. Kafin in kai gida rana ta narkar da shi. Na ga ya yi kama da man shanu, na yi tunani irin na mai satifika, na dama mata shi cikin kunu. Ta ce wannan kunu kyandir aka sa masa.

Inna Zalika, ƙanwar mahaifiyata da ke aikin ungozoma a garin Bana, ta zo duba Kaka ta ga takardar. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta raɗa mini a kunne inda ake sa shi. Ni dai ba zan rubuta ba, ka san wurin. Da Kaka ta ji, ta ce gara da ta sha shi.

Na uku, kuma nan ne na fi jin haushi, bayanin ba shi da tsawo. Inna ta ce magani kamar gero ne, ƙwayar ɗaya ce amma jariri kunu ake dama masa, manomi a tuƙa masa tuwo. Abin da ke warkarwa ɗan mitsitsi ne, sai an gina masa jiki kafin a iya auna shi daidai. Siro, na ruwa mai zaƙi, don yaron da bai iya haɗiya ba. Kwanson wata ƙwaya mai ja da rawaya da aka saba ba mu, wanda Kaka ke ɓarewa ta yar wai roba ce, shi ke ɓoye ɗaci ya raka garin har ciki. Allura don wanda ba zai iya jira ba. Harsashin nan kuwa don mai amai aka yi shi, tunda abin da ya bi ta baki ba ya zama. Duk wannan ta faɗe shi tana ɗaure kallabi.

Yanzu Kaka ta rantse ta gama da maganin asibiti. Zazzaɓin bai sake ta ba, kaskonta a kife yake, ta rame har awarwaronta na zamewa. Ta ce in tsallaka gada zuwa Malanbil in sayo mata na masu talla a faranti, su ko ba su sani ba suna tsayawa su yi wa mutum magana.

Ranka ya daɗe, tun da sojoji suka karɓi mulki ba wanda ke rasa umarni. An faɗa mana ranar shara da inda za mu tsaya in Kumandan zai wuce, layin asibitinku ma a miƙe yake kamar na fareti. Magani kaɗai ake sallama ba a faɗa masa hagu ko dama ba.

Roƙona shi ne mai taga ya riƙa faɗa da Hausa ko Dandanci, wannan a haɗiya, wannan a jiƙa, wannan a shafa. Wanda ke da kunyar faɗa, a kira mace ta raɗa mana. Kuma ka daure ka yi wa Kaka magana da bakinka, tana ganin girman farar riga ko da tana zaginta.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya sa albarka a hannunka, ya kiyaye ka da shan abin da ba a sha.

Ban tsallaka gada ba, ba kuma zan tsallaka ba. Na ce wa Kaka ta raka ni sayen atamfa ranar kasuwa mai zuwa, hanyar kuwa ta ƙofarku ta bi. In ka ga layi ya tsaya, ni ce a taga. Na bar cewa wi Mushe sai an faɗa mini ƙofar da maganin zai shiga.

Wassalam.

Ƴarka,
Balkisa, jikar Iya Hawa mai kifi.