Ihun Yaya Hadiza Ba Raki Ba Ne

Daren Talata, Gummi.

Yau Yaya Hadiza ta haihu, ta yi ihu har maƙwabta suka ji. Gwaggo ta ce raki ne, ta ba mu kunya.

Na kasa shiru. Na ce a makarantar jinya an koya mana sinadarin da jijiyoyi ke saki a lakar baya ya kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa, da wanda ke dusashe shi, kuma ba daidai Allah ya raba wa mutane su ba.

Gwaggo ta ce, "Mu da munka haihu shiru fa?"

Na ce, "Shirun bai hana ku jin zafin ba."

Inna ta ce in ba Gwaggo haƙuri. Zan gaishe ta, amma ba zan janye ba. Har yanzu shatin farcen Yaya na hannuna, inda ta riƙe ni tana naƙuda.