Garin da ya zame daga faranti

Daren Laraba, unguwar Harra ta Yamma, Madina

Ɗana Usman ya kira da la'asar daga duwatsun Jojiya, inda yake yi wa Larabawa masu yawon buɗe ido tafinta. Dusar ƙanƙarar da ta kwana biyu tana zuba ta tsaya, rana ta fito. Na ce, "Alhamdulillahi, to ku fita mana!" Mu nan Madina, da ruwa ya ɗauke ai shayi da tabarma muke ɗauka mu nufi bayan gari.

Ya ce, "La, ya ummi, yau ce ma ba a hawa." Wai jagoransu ya haƙa rami ya nuna musu: sabuwar ƙanƙara mai nauyi tana zaune kan tsohuwa mai tsaba-tsaba kamar sukari, ba su kama juna ba. In rana ta ɗumama ta, ko mutum ya taka, sai gefen dutsen ya zaftaro gaba ɗaya. Ga baƙin sun matsa wa Usman sai sun hau.

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan magariba na zuba sukari a faranti, na danna garin fulawa a kai, na karkata. Shiru. Na ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, sai garin ya zame a dunƙule har kan ƙafata.

Ni da ban san ƙanƙara ba sai ta firji! Tun da yaron nan ya tafi nake roƙa masa rana a Harami. Gobe Allah zan roƙa ya ba shi bakin cewa a'a.