Ƙwari Biyu a Gwangwanin Shayi

Malam,

Ga sallamata, ko da yake babu mai amsawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma takarda ba ta gajiya da mutum, maƙwabta kuwa sun fara.

Muna nan a Tandabawi, unguwarmu ta Makka. Na fita takaba. Safiyarmu ta yaye yaronta. An rushe layin da kake kasa tasbaha, aikin faɗaɗa Harami ya iso wurin. Da aka gaya mini na ce to. Komai aka gaya mini yanzu, to nake cewa. Har yau ban yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce.

Maganar ƙwarinka ce ta zaunar da ni. Busassun nan biyu da alhajin Surinam ya ba ka, ka kwantar kan auduga a gwangwanin shayi. Ɗaya kore mai ƙyalli da ja-ja a fukafukai, ɗaya rawaya kamar an barbaɗa masa garin kurkum. Shekara da shekaru kana cewa iri biyu ne. Ka bi layukan bayansu da tsinin allura, duk alhajin da ya fito daga wancan gefen teku sai ka tare shi da tambayar sunansu. Ni kuwa na ce ƙwaro ƙwaro ne. Ka ce mai ƙyallin ni ce, mai ƙurar kai ne, ka hana kowa taɓawa.

Tun da aka kai ka, rawayan nake ɗauka bayan la'asar. Ba na tunanin komai, murza shi kawai nake da babban yatsa, yadda kake jan tasbaha. Ran Juma'a na ga yatsana ya rine. Ashe gari ne a jikinsa, Malam. Ƙarƙashinsa kore ne, da ja-jan nan, da layukan nan. Iri ɗaya ne. Shi wancan mai ƙyallin, hannun mutane ne ya goge shi tun kafin ya iso gare ka.

Da ka shafa shi sau ɗaya da ka sani. Ko ka sani ka yi shiru, don kada musun ya ƙare? Ban taɓa gaya maka ba, ni ma ban so ya ƙare ba. Ga shi na ci gardama, wa zan yi wa dariya?

Na mayar da shi kusa da ɗan'uwansa. Da safe na buɗe gwangwanin, na kasa gane wanne ne kai.

Allah Ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Matarka,
Hajara