Amsar Tambayar Da Ka Yi Kan Ƙafarka

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifi. Ina fatan rahamar Ubangiji ta iske ka inda kake kwance.

Shekara biyu ke nan da muka kai ka makwanci, kuma wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi maka. Ni ne ɗan fari. Ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai "mai boko". In kana son in yi abu, Inna za ka faɗa wa ina tsaye a gefe. Na girma ina alfahari da wannan kunyar tamu.

Makon nan na koya wa ɗalibaina darasin mutuwar ƙwayoyin halitta, 'yan mitsi-mitsin nan da suka haɗu suka gina jikin mutum. Na ce musu mutuwarsu iri biyu ce. Akwai wadda ƙwaya ke yi da kanta in ta tsufa ko ta lalace: ta naɗe kayanta, maƙwabta su share wurin, ba wanda ya ji. Da irin wannan mutuwar ce yatsun jariri ke rabuwa tun yana ciki. Ta biyun ita ce idan jini ya daina isa wuri. Nan ƙwayoyin kumbura suke yi su fashe, abin da ya zubo ya ƙone na kusa da su, ɓarnar ta yi ta hawa sama. Ina cikin zane a allo sai na tuna da ƙafarka, na ajiye alli.

Kai ka riga ni sanin darasin, ba tare da allo ba. Shekara arba'in kana fawa a kasuwar Mafara. Kallo ɗaya kake yi wa cinya ka ce, "Wanga wuri ya mutu, yanke shi kar shi ɓata saura." Boko kuwa, cewa kake ya koya min sunan komai ban da riƙon wuƙa.

Saura kwana uku Babbar Sallah na ga ƙafar. Kana alwala a tsakar gida, ka cire takalmi, sai ga babban yatsanka ya yi baƙi har gindi. Tsinin ƙashi ka taka a mahauta, ga ciwon suga da ka daɗe da shi. Na ji kana gaya wa Inna da murna cewa ya daina ciwo, har ka ɗan gyara gefensa da wuƙarka.

Baba, na san abin da nake kallo. Na san daina ciwon nan jijiyoyin ne suka mutu. Na san kwanaki ake ƙirgawa. Taku uku ne tsakanina da kai, amma ban iya durƙusawa na kama ƙafar ubana na ce masa tashi mu tafi ba. Sai na yi abin da muka saba, na zagaya.

Na gaya wa ƙanenka Baffa Sani cewa a kai ka asibiti yau. Shi ma yana jin nauyinka, ga raguna jibge da kuka kwaso daga Damri, ga masu layya sun cika ƙofa suna neman mai fiɗa. Ina jinsa ta bayan zana yana ce maka, "Yaron ga ya ce a leƙa asibiti in an samu sarari." Ka ce sai bayan Sallah. Na ji yadda saƙona ya lalace a hanya, kuma ban fito na gyara ba. Na ce wa raina ai na sauke nauyi.

"Bayan Sallar" nan da ka ce ta zama mako uku. Ka je kasuwar Janbako ka dawo da zazzaɓi, baƙin ya wuce idon sawu.

A asibitin Sakkwato, da likita ya ce sai an yanke daga gwiwa, ba ka yi gardama ba. Ka juya wajen Baffa, ni ina tsaye a kanka, ka ce, "Tambai mai boko, da mun taho da wuri, da an tsira da ƙahwar?" Na dubi Baffa na ce ba abin da zai canja. Ka ɗago ka kalle ni ido cikin ido, abin da ba ka taɓa yi ba, sannan ka rufe ido. Kwana tara bayan aikin, dafin da ya riga ya shiga jini ya tafi da kai.

Na yarda da ajali, ban taɓa ja da shi ba. Amma ba ajali ka tambaye ni ba. Ga amsar, ba ta bakin kowa ba: da an kai ka asibiti ran da na ga ƙafar a tsakar gida, yatsa ɗaya za a cire, ka dawo gida da ƙafarka. Na sani a ranar, na kuma sani lokacin da na yi maka ƙarya. Har yau Inna tana sa min albarka a kan cewa ni na fara cewa a je asibiti, ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce amin.

Ka yafe min, Baba.

Allah Ya yalwata kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin halin gaya wa Inna da bakina.

Ɗanka na fari,
Nasiru