Tara da Kwata Na Rubuta

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya maiɗaki da yara? Allah ya sa kuna lafiya a Fatakwal. Mu dai nan sai addu'a.

Ranar Talata Inna tana tsintar wake, sai faifan ya suɓuce mata, bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Na duba agogo na rubuta a littafina kamar kullum: tara da kwata na safe. Amma ban ɗauke ta zuwa asibiti ba. Na ce ba a fita da babba sai Kawu Sale ya sani, shi kuwa yana gona, wayarsa a kashe. Sai la'asar muka isa asibitin Birnin Kudu, aka tura mu Kano.

Da aka ɗauki hoton kai, likita ya ce gudan jini ne babba ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Malam, ƙarfe nawa ya fara?" Na nuna masa shafin. Ya girgiza kai: "Allurar narkar da shi sai a awannin farko. Yanzu sai magani da gashin ƙashi."

Kullum ina tambayar kaina ko ni na jawo mata.

Yaya, don Allah ka taho. Inna da ba ta taɓa kama sunanka ba don kunyar ɗan fari, jiya ta yi ta kokawa da harshenta har ta ce, "Habu." Tun lokacin ƙofa kawai take kallo.

Ku sa ta a addu'a, ni kuma ka yafe mini. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Musa, Zandam