Filifar Kantin Baba

Litinin, 4 ga Yuni

Na iso Valparaíso cikin ruwan sama. Kwana da yini a mota daga Antofagasta, sannan matakalar unguwarmu, wadda gwiwoyina suka manta da ita. Na tarar da Yaya Nibaldo a kujerar Baba, ya lulluɓe hannunsa na hagu da bargo. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, bakin ma haka, hannun ne shiru. Gaisuwarsa ta farko: "Kin tsufa, Mina." Na ce masa ya nemi madubi. Wata ɗaya zan yi, haka na gaya wa 'yata Maritza.

Laraba, 6 ga Yuni

Yasna, yarinyar da asibiti ke turowa tana motsa masa jiki, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Tana fita ya wurga wa kyanwa. Yasna ta ja ni gefe a bakin ƙofa, ta ce hannun da sauransa, amma in aka bar shi haka zai sandare. Ba ya son komai. Shayin yamma ma sai na yi da gaske, shi da a da yake cinye burodi uku da fiya.

Juma'a, 8 ga Yuni

Zaman banza zai kashe ni. Na buɗe kantin shayin da ke ƙasan gidan don in share. Kujeru a kife kan tebura, warin danshi ko'ina. A lungu na yaye wani tsohon labule, sai ga filifa, injin wasan nan mai lantarki da ake buga ɗan ƙwallon ƙarfe a cikinsa. Ashe tana nan. Ƙafafunta huɗu sun yi tsatsa, gilashin saman ya yi hazo, amma ƙwallon ƙarfen na kwance a raminsa, fukafukan nan biyu da ake bugunsa da su ma suna nan. Baba ya saye ta hannun wani matuƙin jirgin ruwa ina 'yar firamare. Ni ba a barina in taɓa, wai wasan maza ne.

Na tambayi Yaya. Ya ce ta mutu shekarun baya, in kira masu sayen ƙarfe su kwashe. Shekara talatin ina gyaran wutar manyan motocin ma'adinai, a ce in miƙa wa 'yan gwangwan abin da ban ko buɗe ba?

Asabar, 9 ga Yuni

Na jona ta. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Daga sama na ji muryarsa: "Sannu, injiniya."

Litinin, 11 ga Yuni

Igiyar wutar ce ta tsattsage, na sa sabuwa. Yanzu fitilu suna kamawa, rabinsu dai. Amma ina danna madannin fara wasa sai fis ya ƙone. Na ƙona biyu, na daina wauta, na ɗaura ƙwan fitila a gurbin fis ɗin: in wayoyi sun haɗu a wani wuri, ƙwan zai yi haske sosai maimakon wani abu ya ƙone. Na ɗaga allon wasan na tokare shi. Wayoyi ɗauri-ɗauri, launinsu ya koɗe, ja da ruwan ƙasa duk sun zama ɗaya. Kashin ɓera. Gishirin teku ya bi duk bakunan ƙarfen ya mai da su kore. Ina cire ɗauri ɗaya ina gwadawa, ina mayarwa. Wayyo bayana.

Amma yau ban duba agogo ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 14 ga Yuni

Ya sauko. Ban san yadda ya yi da matakalar ba, na dai juyo na gan shi a bakin ƙofa da sandarsa yana haki. Ya ce ƙarar da nake yi ce ta hana shi barcin rana. Na sauke masa kujera, bai yi godiya ba.

Ya daɗe yana kallona ina lalube a gaba. Can ya ce ranar da filifar ta mutu, turken nan na tsakiya mai cilla ƙwallo ya yi ta gurnani shi kaɗai, sannan wari ya tashi irin na taya. Na leƙa ƙarƙashin turken da tocila. Koyil ɗinsa, naɗin wayar da ke motsa shi, ya ƙone ƙurmus, robar ta narke. Makunninsa ne ya lanƙwashe ya manne, wuta ta yi ta shiga ba tsayawa. Na yanke wayarsa ɗaya, na danna. Hasken ƙwan fitilar ya yi laushi, alamar matsalar ta kau.

Na ce me ya hana shi faɗa tun Litinin. Ya ce ban tambaya ba.

Talata, 19 ga Yuni

Ba mai sayar da irin wannan koyil a garin nan. Na sayo siririyar wayar tagulla zan naɗa da kaina. Sai dai naɗi na bukatar wanda zai riƙe ƙwaryar wayar tana warwarewa. Na zura fensir a tsakiyarta na miƙa masa. Ya kama gefe ɗaya da dama, ɗaya gefen yana lilo.

"Da hannu biyu ake riƙewa, Yaya."

"To nemo mai biyu."

 Na ɗauko hannun daga ƙarƙashin bargon, sanyi ƙalau, na lanƙwasa yatsun a kan fensirin. Ya suɓuce, na mayar. Ya sake suɓucewa, na mayar. Muka gama naɗin ba wanda ya dubi wani. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, a wannan sanyin.

Juma'a, 22 ga Yuni

Koyil ya zauna, na lanƙwaso makunnin daidai, na yi dalma. Fis ya daina ƙonewa. Amma wasa ya ƙi farawa, ɗan injin da ke cikin filifar sai juyi yake yi ba tsayawa. Lambobin maki ne, ɗaya ta ƙi komawa sifili, ita kuwa ba ta sakin ƙwallo sai duk sun koma. Yini guda ina goge bakunan ƙarfe da ɗan kwali. Wuta ta ja ni a yatsa, na yi ashar irin ta gareji. Yaya ya yi dariya, da rabin baki. Rabona da jin dariyarsa tun bikin Maritza.

Asabar, 23 ga Yuni

Ta tashi. Ƙararrawa, fitilu, komai. Ni na fara bugawa, da shekara sittin da ɗaya. Ban iya ba ko kaɗan.

Lahadi, 24 ga Yuni

Mun yi faɗa. Ya ce in haɗa fukafukan biyu a madannin dama, ya riƙa bugawa da hannu ɗaya. Aikin waya guda ne, ya sani, na sani. Na ce a'a. Ya ce tasa ce. Na ce ni na tashe ta. Sai ya ce, a hankali don kalmomin su fita daidai:

"Kin zo ki gyara ni kamar firji ki koma, ko? Ni ba na gyaruwa, Mina."

Ya hau sama. Ban taimaka masa a matakalar ba, kuma bai nema ba.

Talata, 26 ga Yuni

Ba ya magana. Na yanko wayar da zan haɗa masa fukafukan, na fere bakinta, har na kunna ƙarfen dalma. Wa na zama da zan hana mutum ɗan abin da ya rage masa? Na tambayi Yasna, ta ce ita ba ta san filifa ba, amma kada in tilasta masa, kada kuma in yanke masa ƙauna. To wanne ke nan? Na kashe ƙarfen. Wayar na aljihuna.

Alhamis, 28 ga Yuni

Maƙwabcinmu Don Eleodoro, tsohon mai kamun kifi, ya ji ƙararrawa daga titi ya shigo, yana kiran cikakken sunana. "Doña Herminia, kin tayar da matacce!" Ya buga, ya yi ta cika baki da ƙarfi yana kallon silin, wai a zamaninsu ba wanda ya taɓa kama ƙafarsa a unguwar nan. Na gane da gangan yake yi. Ba a jima ba muka ji sanda a matakala.

Yaya ya ce masa maƙaryacin banza, ko sau ɗaya bai taɓa cinsa ba. Don Eleodoro ya matsa ya ce ga fili.

Yaya ya jingina cikinsa da akwatin filifar. Ya ɗaga hannun hagu da na dama ya ajiye shi a kan madannin. Ƙwallon farko ya gangaro ta hagu, fiffiken bai motsa ba. Na biyu ma haka. Na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da taurin kaina. Sai ya ce, bai juyo ba: "Kama daman, Mina. Ba zan iya tunanin biyu ba."

Na kama. Shi kuma ya sa hannun dama ya tallafi gwiwar na hagun. Ƙwallo ya zo, ya danna da ƙashin yatsa, da kafaɗa, da duk jikinsa. Fiffiken ya ɗaga a makare, amma ya taɓa ƙwallon, ya turo mini shi. Ni kuma na bar shi ya wuce.

"Kin ga irinta," in ji shi. "Ke ce matsalar."

Don Eleodoro ya fita waje wai zai sha taba. Ya daina shan taba tun ina budurwa.

Laraba, 4 ga Yuli

Kullum bayan shayi muna bugawa, shi hagu, ni dama. Yau da ɗan yatsa ya danna, sau da yawa. Yasna ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, amma ta daina kawo ƙwallon roba. Jiya ya tambaye ni ko injin kofi na kantin zai gyaru. Na ce sai na buɗe.

Maritza ta kira, tana tambayar ranar da za ta tare ni a tasha. Na ce akwai fitilun baya da ba su kama ba tukuna. Sai ta ce in na ga dama ta aiko mini da rigunan sanyina. Na ce ta aiko, tunda ta ambata.

Da na sauka kasuwa sayen ƙwayayen fitila, na haɗo da gwangwanin fenti, ruwan ƙwai, na ɗakina na da. Ba wai wani abu ba. Bangon ne ya yi dauɗa.